St. Louis ta Bompai: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mana kan makarantar 'yan mata ta sistoci a Kano

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Duk sanda mu tsofaffin ɗaliban St. Louis muka yi anko muka taru, ko wata ta ɗora tsohon hoton 'yan ajinsu a Facebook, sai tambayoyi su yi ta shigowa, wasu neman sani suke tsakani da Allah, wasu iyaye ne da ke ta lissafin inda za su kai 'yarsu in ta gama firamare, wasu kuma mamaki ne kawai ya cika su wai ya za a yi Bakanuwa Musulma ta riƙa bugun ƙirji da makarantar coci. Shi ne na ce bari in tattara amsoshin wuri ɗaya kowa ya huta. Ni tsohuwar ɗaliba ce kawai, ba ma'aikaciyar makarantar ba ce kuma ba da yawun hukumarta nake magana ba.

Wai wace makaranta ce wannan, a ina take?

Sakandaren 'yan mata ce zalla, ta kwana, tana Bompai a ƙaramar hukumar Nassarawa. Sistocin ɗariƙar Katolika ne suka kafa ta kuma su ke riƙe da ita. Har titin da ke wajen ma sunanta ya ci, St. Louis Avenue, in ka ce wa ɗan Adaidaita Sahu ya kai ka makarantar sistoci ta Bompai ba sai ka yi dogon kwatance ba.

Su waye sistocin nan, daga ina suka ɓullo?

Mata ne da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, ba za su tara dukiyar kansu ba, za su ƙare rayuwarsu a ibada da hidimar mutane, galibi koyarwa da aikin asibiti. Ƙungiyarsu a Faransa aka kafa ta a 1842, a wani gari da ake kira Juilly kusa da Faris, wanda ya kafa ta wani fada ne, wato limamin Katolika, kuma malamin falsafa mai suna Louis Bautain. Sunan St. Louis ɗin kuwa na sarkin Faransa ne Louis na tara wanda ya rasu a 1270, Katolika suna girmama shi a matsayin waliyyi kuma ranar 25 ga Agusta ce ranar tunawa da shi.

Amma waɗanda suka zo mana ba Faransawa ba ne. A 1859 wasu sistoci uku ƙarƙashin Genevieve Beale suka haye zuwa ƙasar Ailan suka sauka a garin Monaghan, a can ne ƙungiyar ta yi ƙarfi sosai, to daga can ne aka turo su Afirka, suka fara da Gana a 1947 sannan Najeriya a 1948. Abin da nake so kowane Bakano ya riƙe shi ne, da suka shigo Najeriya a Kano suka fara sauka. Duk makarantun St. Louis da kuke ji a Jos, Ondo, Akure, Ibadan, da asibitocinsu na Zonkwa da Owo, duk bayan Kano suka zo. Kenan mu ne uwa, sauran 'ya'ya ne, kuma a 2023 aka cika shekara 75 da wannan saukar, 2028 in Allah ya kai mu shekara 80 kenan.

Wace irin Kano suka tarar a 1948?

Nan fa sai an ɗan zauna. Sarki Abdullahi Bayero ne a kan gado, Turawan mulkin mallaka suna Nassarawa, dalar gyaɗa na nan tsaye, jirgin ƙasa ya daɗe da isowa tun 1911 kuma shi ne ya kwaso mutanen kudu, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, suka cika Sabon Gari. Cikinsu akwai Katolika da yawa, fadocin wata ƙungiyar 'yan mishan mai suna SMA ne ke kula da su, a lokacin ma Kano ba ta da bishop na kanta, a ƙarƙashin Kaduna take, sai 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin coci mai cin gashin kansa.

Turawan mulki tun zamanin Gwamna Lugga sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka 'yan mishan ba a barinsu su yi wa'azi ko su kafa makaranta a cikin ganuwa, shi ya sa duk wata tsohuwar coci ko makarantar mishan da ka sani a Kano a waje take, Sabon Gari ne ko Bompai ko hanyar filin jirgi. Boko kuwa ko na maza bai yi nisa ba, makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa a 1909 aka buɗe ta, na mata kuwa sai wajen 1930 aka fara ɗan taɓawa a Kano da Katsina, shi ma yawanci 'ya'yan gidan sarauta da na ma'aikatan En'e ne, karatun kuma bai wuce karatu da rubutu da ɗinki da kula da gida ba. To ka duba, a irin wannan yanayin ne wasu mata suka taso daga ƙasa mai sanyi da ruwan sama suka zo garin da zafin bazara ke narka kwalta, ba Hausa a bakinsu, suka ce su 'ya mace za su koya wa lissafi da kimiyya da Turanci har ta zauna jarrabawa irin wadda namiji ke zaunawa. Ni dai ko ban yi makarantar ba wallahi zan jinjina musu.

Kenan su ne suka fara koya wa matan Arewa karatu?

A'a, kuma duk wanda ya ce haka bai san tarihinsa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru inda malamai mata da ake kira jaji suke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. A cikin birnin Kano ma ba a taɓa rasa gidajen da mata ke sauke Alƙur'ani suna karanta littattafai ba. Abin da sistoci suka kawo shi ne ƙofar boko mai zurfi ga 'ya mace, irin bokon da ke kai mutum jami'a da asibiti da kotu, kuma ba su kaɗai ba ne, makarantun 'yan mata irin su WTC da Dala da Shekara duk sun yi nasu, mun san matan da suka fito daga can kuma muna girmama su. Hujjar ma da iyayenmu suka kafa da suka kai mu ai daga addininmu suka ɗauko ta, cewa neman ilimi wajibi ne a kan Musulmi, ba a ware mace ba.

Hajiya, ki faɗa mana gaskiya, ba a mayar da 'ya'yan Musulmi Kirista a can?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa kuma ba na jin haushin mai yin ta, duk uban da bai yi ta ba ma ni sai in ga bai damu da 'yarsa ba. Amsata daga abin da na gani da idona ne: na shiga ina Musulma, na fito ina Musulma, 'yan ajinmu Musulmi duk haka, yau wasunmu sun yi aikin Hajji sun maimaita, wasu suna da Islamiyya a unguwanninsu. Ba wanda ya taɓa kirana gefe ya ce in bar addinina.

Amma kar in yi muku rufa-rufa, makarantar Katolika ce, ba ta ɓoye kanta ba. Za ki ga gicciye, za ki ga sista da shigarta, za ki ji ana addu'ar Kirista ana waƙoƙin coci, za ki san lokacin azuminsu da Ista da Kirsimeti. Yarinyar da ta taso a gidan da aka kafa mata tushe, ta yi Islamiyya, tana sallarta ba sai an ce ta yi ba, ganin waɗannan ba zai girgiza ta ba, sai ma ya sa ta san cewa akwai mutane da ba addininta suke yi ba kuma su ma suna da tsoron Allah da kunya da amana. Wadda kuwa ba a ba ta komai daga gida ba, ko a cikin birni aka bar ta akwai abin tsoro.

Abu ɗaya da ba na mantawa, lokacin azumi. Akwai wata ƙawata 'yar kudancin Kaduna, gadonta na kusa da nawa, ita ce mai saurin farkawa, sai ta miƙo hannu ta ɗan taɓa ƙafata a hankali ta ce “tashi kar asuba ta yi miki”, ta koma barcinta. In an yi rabon wani abin daɗi da rana ta san ba zan ci ba sai ta rufe min nawa da murfin kwano ta tura ƙarƙashin loka har a sha ruwa. Ba wanda ya sa ta. Mu ma ran da suke nasu azumin ba ma zama gabansu muna taunar nama. Yau in aka fara zagin “arna” ko “'yan Boko Haram” a intanet, mu da muka kwana ɗaki ɗaya bakinmu ba ya iya furtawa, saboda kowace in ta rufe ido fuskar wata take gani. Taken sistocin ma kenan, addu'ar da ke cikin Linjilar Yohanna cewa dukansu su zama ɗaya. Cocin Katolika kanta tun 1965 ta fitar da matsaya a babban taronta na Batikan cewa tana kallon Musulmi da daraja.

Shawarata ga uba ko uwa, kar ku tsaya a maganata. Ku je da ƙafarku ku zauna da firinsifal ku tambaye ta dalla-dalla, sallah fa, azumi fa, sutura fa, darasin addini fa, ku ji daga bakinta, in ya kwanta muku falillahil hamdu, in bai kwanta ba Kano cike take da makarantu, ba dole.

To ku Kiristoci fa, ba ku jin kamar an mamaye muku makaranta?

Wannan 'yan uwanmu Kirista ne suka fi cancanta su amsa, amma abin da nake ji daga bakin ƙawayena shi ne alfahari suke yi da cewa cocinsu ta gina abin da har Alhazan Kano ke amince masa da 'ya'yansu mata. Kuma a tuna, Kiristocin ba duka baƙi ba ne, akwai Hausawa Kirista 'yan asalin jihar nan daga ƙauyukan kudancin Kano, Hausarsu ta fi ta wasunmu tsabta, akwai kuma Ibo da Yarbawa da aka haifi kakanninsu a Sabon Gari, ba su da wani gari da ya wuce nan.

Ya rayuwar makarantar kwana take? Ance akwai wuya.

Akwai horo dai, kuma horon ne muke godiya a kansa yanzu. Ƙararrawa ce ke tafiyar da komai, ita za ta tashe ki, ita za ta kai ki asambuli, aji, ɗakin cin abinci, firef na dare, ita kuma za ta ce a kashe fitila. Ba mai gyara miki gado, ba mai wanke miki yunifom, 'yar attajiri da 'yar mai gadi tsintsiya ɗaya suke riƙewa, kuma ran duba tsabta sai kin ga yadda ake ja zanin gado har ya miƙe ba ko alamar lanƙwasa, a duba farce, a duba kitso, a duba wuyan riga.

Kowace da akwatinta na ƙarfe an rubuta sunanta da fenti, ciki garin kwaki ne da sukari da madarar gari da ƙuli-ƙuli da yaji, wadda gidansu suka ji tausayinta har da dambun nama, shi kuwa ba ya kwana uku saboda duk ɗakin sai an ɗanɗana. Ranar bizitin kuwa ba a magana, tun hantsi ido na bakin get, in kika hango mayafin Umma da kula a hannun ƙaninki sai ki ji ƙafarki ba ta taɓa ƙasa, a shimfiɗa tabarma a inuwa a buɗe shinkafa da miya da soyayyar kaza, kuma ƙa'ida ce da ba a rubuta ba, duk yarinyar da ba a zo mata ba, wadda iyayenta ke Legas ko Fatakwal ko Yola, sai an jawo ta tabarmar. Umma takan ce “ina 'yar tawa ta Inugu, kira min ita”, ta zuba mata kafin ta zuba min. Har yau in muka yi waya sai ta ce a gaida Umma.

A aji kuma abin da ya fi zama min shi ne ba a yarda ki yi magana ƙasa-ƙasa kina sunkuyar da kai ba. Za a ce ki miƙe, ki ɗago, ki faɗi amsarki a ji, ko daidai ko kuskure. Mu da muka taso ana ce mana 'ya mace ba ta ɗaga murya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai cire mana kunya ba, har gobe muna durƙusa wa manya, sai dai in an zo maganar aiki ko haƙƙi mun san yadda ake buɗe baki.

Me ya sa sai mata zalla?

Dalili na farko na fili ne, a Kano iyaye da yawa ba don haka ba da ba za su bari 'yarsu ta kwana a makaranta ba sam. Na biyu, inda ba maza, shugabar ɗalibai mace ce, ta ɗaya a lissafi mace ce, mai wakiltar makaranta a muhawara mace ce, yarinya ba ta taɓa tashi da tunanin akwai darasin da ba nata ba.

Mun ji gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ya aka yi wannan ta tsira da sunanta?

Gaskiya ne bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi da yawa sun karɓi makarantun mishan har suka canza musu suna. A Kaduna Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. John's ta koma Rimi College, a Zariya St. Paul's ta koma Kufena. Tamu kuwa har yau St. Louis take kuma sistoci na nan. Ni a ganina babban abin da ya riƙe ta shi ne yardar mutanen gari, makarantar da 'ya'yan sarakai da na malamai da na ma'aikata da na 'yan kasuwar Kwari suka ratsa ta cikinta ba ta rasa masu tsaya mata.

Duk rikice-rikicen da aka yi a Kano fa?

Ba za mu yi kamar ba a yi su ba. An yi na 1953, an yi na 1966 da ya sa dubban mutanen kudu suka bar garin, an yi Maitatsine a 1980, an yi na 1991, an yi na 2004, sannan ranar 20 ga Janairun 2012 bama-bamai suka tashi a Kano har da hedikwatar 'yan sanda da ke nan Bompai ɗin. Duk wanda ke da 'ya a makarantar kwana a irin waɗannan ranakun ya san abin da zuciyarsa ta gani. Mutane da yawa sun tattara sun tafi ba su dawo ba kuma ba mai ganin laifinsu, amma makarantar tana nan inda take, ana buɗe get ana karɓar sabbin ɗalibai. In ana maganar abin da muke alfahari da shi, to wannan zaman da ta yi tare da mu cikin daɗi da wuya yana sahun gaba, shi ya sa ba na yarda a kira ta baƙuwa, abin da ya yi shekara da shekaru a gari yana shan ƙurar hunturunsa ai ɗan gari ne.

Kuna ta cewa “ta ci gaba”, wane ci gaba? Gini ne?

Gini ma ci gaba ne, ba na raina shi, yarinyar yau sai da ɗakin gwaje-gwaje da laburare da kwamfuta tunda JAMB ma a kwamfuta ake rubuta ta. Tsarin karatun ƙasa ma ya canza sau nawa, daga fom ɗaya zuwa biyar aka koma shekara uku ƙaramar sakandare uku babba, da WAEC ce kawai sai ga NECO ta zo a 1999, duk makarantar ta bi ta saje.

Amma ni ci gaban da na fi gani biyu ne. Na farko, aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. Turawan Ailan sun tsufa, wasu sun koma gida wasu sun rasu, da a ce a kansu kaɗai abin ya tsaya da tuni an rufe, amma sun raini sistoci 'yan Najeriya waɗanda yanzu su ke jan ragama, har suna buɗe sabbin makarantu irin Louisville ta Ijebu-Itele. Na biyu kuma matan da suka fito. Ba zan kama suna ba, amma ku shiga asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, ku shiga BUK, ku shiga kotuna da bankuna da ma'aikatu, sai kun yi karo da 'yar St. Louis. Mu a nan da muke son in matarka za ta haihu likita mace ta duba ta, to daga ina likitar za ta fito in ba a bar yarinya ta gama sakandare ba? Kuma ba masu ofis kaɗai nake nufi ba, wadda ta zauna a gidan mijinta tana duba aikin gida na 'ya'yanta, tana karanta takardar magani kafin ta ba yaro, tana riƙe lissafin sana'arta, ita ma ribar makarantar ce. A tuna fa matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, bayan su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun sha wuya a kai, ita kuwa makarantar tun kafin nan take yaye mata masu ilimi.

Ai makarantar masu kuɗi ce, talaka ina zai iya?

Nan kam ba zan yi musu da yawa ba. Duk makarantar kwana mai zaman kanta a yau tana da tsada, buhun shinkafa da dizal da albashin malamai ba sa jiran kowa, kuma iyaye da yawa da suke da 'ya'ya masu ƙwaƙwalwa ko kusa ba za su iya ba. Wannan yana damuna sosai, don a zamanin da akwai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suka yi karatu a irin waɗannan makarantun suka ɗaga gidajensu gaba ɗaya. Ga kuma yaran da ko firamare ba sa zuwa, ga su nan a danja da bakin kasuwa da farantin talla a ka, abin ya kai har gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

Shi ya sa nake ta faɗa wa 'yan setinmu, wato waɗanda aka yaye mu tare, kuma zan maimaita a nan, kuɗin da muke zubawa a anko da haya ta wurin taro da mai hoto, in muka rage ko rabi ne muka haɗa kamar adashi, zai ɗauki nauyin yarinya daga aji ɗaya har ta gama. Kowane seti in ya ɗauki yarinya ɗaya tak, marainiya ko 'yar mai ƙaramin ƙarfi, Musulma ko Kirista, ku lissafa seti nawa aka yaye. Matan da suka baro ƙasarsu a 1948 ba don a yi musu rawa suka zo ba, kujerar aji suka zo ba 'ya mace, in muna son mu gode musu to mu ƙara kujera. Ba kuma lallai sai a St. Louis ba, in abin da seti zai iya shi ne yunifom da littattafai da kuɗin jarrabawar yara a makarantar gwamnati ta unguwa, a yi, lada ɗaya ne.

Da wannan rashin tsaron, ya dace a kai 'ya mace makarantar kwana?

Bayan Chibok a 2014, Dapchi a 2018 da Jangebe a 2021, duk wanda ya ce ba ya tsoro ba gaskiya ya faɗa ba. Abin da zan ce kawai, wannan a tsakiyar gari take ba a bakin daji ba, sauran kuma ku je ku gani da idonku, katanga, masu gadi, waye ake bari ya ɗauki yarinya, ina ake kai ta in ba ta da lafiya, ya ake sanar da iyaye. Tsaro na Allah ne amma a ɗaure raƙumi tukuna.

Ya ake samun shiga?

Yarinya ta gama firamare, a sayi fom, ta zauna jarrabawar shiga. Ranaku da kuɗi suna canzawa duk shekara saboda haka ofishin makarantar za ku je, kar ku biya kowa kuɗi a waje da sunan zai samo muku gurbi, kuma kar ku turo min saƙo in yi muku hanya dan Allah, ba ni da ita.

Ni tsohuwar ɗaliba ce amma na daɗe da yanke zumunci, ko mahaifiyata ce ta yi makarantar, me zan iya yi?

Anti, ƙofa a buɗe take, ba wadda za ta tambaye ki ina kika shiga. Ki nemi 'yan setinku, kusan kowane seti yana da zaure a WhatsApp, daga nan za a haɗa ki da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. In kina da sana'a, likita ce ke ko lauya ko injiniya ko 'yar kasuwa, ki nemi izinin makaranta ki je ki zauna da 'yan aji shida ki ba su labarin yadda kika kai inda kike, yaran nan suna buƙatar su ga mace irinsu da ta yi.

Abin da ya fi gaggawa kuma shi ne iyayenmu 'yan setin farko-farko, na shekarun 1950 da 1960, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In Hajiyarku ko kakarku na cikinsu, ku zauna da ita da waya ku ɗauki muryarta, ku tambaye ta waye ya kai ta, me dangi suka ce, a mota aka kai ta ko a jirgin ƙasa, su waye malamanta, me aka ce mata ran da ta dawo hutun farko. Ku buɗe tsofaffin akwatuna ku nemo hotuna da rifot kad da bajo da takardar shaidar gamawa, ku ɗauki hotonsu da kyau a wuri mai haske, ku rubuta shekara da sunayen waɗanda ke ciki tun tana iya gane su, ainihin takardun ku adana a gida, kwafin kuma ku miƙa wa 'yan ƙungiya kafin 2028.